Yadda Inna Ta Kai Baba Asibitin Ido

Ni ce mai digiri a gidanmu, amma Inna ce ta gano Baba ya daina gani. Har yau abin yana ci mani rai. Kusan kullum in na taso daga makarantar da nake koyar da lissafi sai na biya gidanmu na Ƙofar Kaura, in durƙusa in gaishe shi, mu yi hira, ban lura da komai ba.

Wata Asabar Inna ta ja ni madafi tana tsintar wake. Ta ce Malam, haka take kiran shi, shekara arba'in yana ɗinkin wuyan babbar riga bai taɓa mayar da aiki ba, amma wata uku ke nan duk wanda ya kawo sai ya ce hannunshi ya cika, alhali ko allura bai ɗauka. Da safe Alƙur'ani na buɗe gabanshi yana karatu, amma shafin bai motsi, da ka yake yi. Don ta tabbatar, sai ta matsar da butarshi taku biyu daga inda ta saba ajiyewa. Ya kai hannu ya damƙi iska, ya wayance kamar miƙa yake yi.

"In ɗaya ne sai in ce tsufa," in ji ta. "Uku kuwa, ido ne."

Ta ce in bar mata. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, kowa ya sani. Ban ko wanke hannu ba na same shi a zaure. Da farko ya musa. Da na matsa, sai ya tuna mani da yayanshi, wanda wani mai magani ya taɓa soke wa ido da allura don cire yanar ido, sati biyu ya makance har ya koma ga Allah. Baba ya ce shi ya gani da idonshi, ido ba a taɓa shi.

Nan fa na buɗe mashi aji. Na ce mutum ɗaya bai isa hujja ba, mai allura a kasuwa daban, likita daban, kuma wanda bai gani yanzu me ya rage ya rasa? Wallahi maganata ba ta da ɓaraka ko ɗaya. Ya saurare ni har na kai aya, ya tambaya ko na gama, ya sa mani albarka, ya ce in tafi gida kada mijina ya jira.

Daga ranar ya daina zama zaure. Tuwon ma sai ya taɓa ya ture. Na koma wajen Inna ina hawaye, ina cewa ai gaskiya na faɗa.

"Gaskiya kika faɗa mana, malama. To, kin ci gardama. Ya tafi asibitin?"

Ta ce Baba ya fi ni sanin duk abin da na lissafa. Tsoro yake ji, kuma abin da ya fi tsoron allura shi ne a riƙe mashi hannu a bi da shi ta unguwar da kowa ya san shi da kaifin ido. Mutum irinshi ba a kai shi wuri, in ji ta, amma shi yana kai wani.

Sai da ta bari sati biyu suka wuce, sannan ta fara kukan idonta. Yau ƙaiƙayi, gobe hazo-hazo. Rannan har gishiri ta zuba wa miya sau biyu. Baba ya ce in kai ta asibiti, ta ce atafau ba ta bi na, ni da faɗa kamar zakara, kuma ita ba za ta zauna namiji ya leƙa mata ido ba mijinta na gida. Na ja ta gefe na ce, "Inna, ƙarya fa?" Ta harare ni ta ce wace mai shekara sittin da biyar ce idonta ke lafiya lau.

Ranar Laraba Baba ya sa babbar riga, ya kafa hula. Ni aka bar ni da riƙon jaka. Inna ta kama hannun rigarshi kamar ita ake ja, tana cewa ya bi da ita a hankali, nan akwai kwata, can akwai dutse. Mutanen unguwa suna ta yi mashi sannu da ɗawainiya, yana amsawa da ƙarfi har muka hau keke napep.

Larabar ma ba haka kawai ta zaɓe ta ba. Ta riga ta bincika wajen wata maƙwabciya, ranar ce waɗanda aka yi wa aiki ke dawowa a duba su. Benci cike da tsofaffi. Ta zaunar da Baba tsakiyarsu, ta koma gefen mata ta bar shi da su. Wani dattijo makiyayi ya shiga ba shi labari, wai shekara biyu da murya yake gane shanunshi, yanzu daga nesa yake hango wadda ke ɗingishi. Baba ya tambaye shi ko da zafi. Ya tambayi na kusa da shi, ya tambayi na gaba. Na ƙirga, mutum shida ya tambaya.

Da aka kira Inna, ya miƙe tare da ita, ya ce wa ma'aikaciyar tunda dai an zo, a duba su duka biyun. Inna ta samu tabarau. Shi kuma aka ce yana ce ta rufe idanun, aka sa ranar aiki.

Washegarin aikin, da hantsi, muna tsaye aka kware mashi bandeji. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunshi. Sannan ya juyo wajen Inna ya tsaya kallonta, har ta ji kunya ta gyara mayafi.

"Hajiya," ya ce a hankali, "yaushe kika rame haka?"

"Tun ran da ka fara ɓoye mani, Malam."

A gabana, a gaban likita, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ya miƙa hannu ya riƙe nata.