Dokta na Cikin Wayar Lahadi

Lahadi mai kitso ce a bayan tsohuwar kasuwar Kontagora. Shagonta jikin nawa yake, ni kuwa tela ce, ko atishawa ta yi ina ji. 'Yar Rijau ce, ta zo gari wurin gwaggonta tana 'yar sha shida, ba ta da komai sai tsinken kitso da bakin da ba ya gajiya. In ta yi miki shuku, sai ki yi wata bai tashi ba.

Akwai wanda za ta aura, Irmiya, ita ta zaɓe shi da kanta. A gidansu har yanzu ana golmo, wato saurayi da abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita. Irmiya ya yi shida. Na taɓa ganin tafin hannunsa, wallahi kamar bayan tukunya. Damina ɗaya ta rage masa.

Wata mai zuwa kitso, Mercy, ita ta kawo mana jarabar. Ta sa wa Lahadi wani wasa a waya, labarin soyayya da zanen mutane, kina karantawa kina zaɓar amsar da za ki bayar, labarin ya bi inda kika kai shi. Da farko wasan kan tambayi suna. Mai wayo sai ta ƙirƙiro wani, amma Lahadi ta rubuta nata na yanka.

Saurayin cikin wasan likita ne, muka sa masa Dokta. Kafin sati biyu shago ya koma majalisa. Mata da kai a tsefe suna gardama, wannan ta ce ki yafe masa, waccan ta ce a'a, ja masa aji. Mercy ta rantse mayaudari ne. Ranar da ya yi fushi a labarin, Lahadi ta yi kuka har ta bar kan wata rabi a kitse.

Abin da ya tsorata ni, in ta yini ba ta buɗe wasan ba, sai saƙo ya faɗo da kansa da Turanci, wai ya yi kewarta, da sunanta ƙarara. Na ce mata, "Ke Lahadi, abin da zai kira sunanki ba ki kira shi ba, ni ba na son sa." Ta ce, "Kai Jawahir, zane ne fa!"

Wata Asabar gab da faɗuwar damina, hadari na ta haɗuwa yana watsewa, sai ga Irmiya. Ya shigo gari sayen sabuwar garma ta noman ƙarshe. Ina shagonta ya iso, ya jingine garmar ya zauna a benci, wayarta na caji a gefensa, ita hannunta duk man kitso. Wayar ta yi haske. Tun kafin ya duba na san akwai matsala, don ya gama sakandare, yana karanta Turanci.

Ya ce, "Wane ne ke kewarki?"

Muka yi caa, kowa na bayani. Ya bar mu muka gama, yana ta jan labarin baya da yatsa.

Ya ce, "Na ji, shi zane ne. Wannan amsar fa, ban taɓa son kowa haka ba, wa ya danna ta?"

Ya miƙa wa Lahadi wayar ya ce ta goge wasan. Ni a raina ina cewa goge, don Allah goge! Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ɗora yatsa, sai ta tsaya.

Ta ce, "Bari in ƙarasa, babi ɗaya ya rage."

Ya ce, "Ni ma damina ɗaya ta rage." Ya tashi ya fita, bai ɗauki garmar ba.

A take ta goge wasan, ba ta ma ga ƙarshen ba. Ruwa ya sauka bayan kwana huɗu. Ubanta ya aiko cewa gona ta jiƙa, ba wanda ya zo. Garmar na nan jingine bayan ƙofar shagonta, kullum da safe sai ta ɗaga ta ta share ƙarƙashi, ta mayar.