Takardar Alhamis ta Odell

Ranar Alhamis ce da safe, ina duba man motata a ƙofar gida, sai waya ta yi ƙara a ɗaki. Na ɗauka hannuna duk baƙin mai. Mavis ce, matar Odell Pettway. Ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

"Roscoe," ta ce, "kada ka wahalar da kanka da sauri yau. Odell ya rasu da asuba."

Na ce, "Haba 'yar'uwa, ai shi ya ce in zo da wuri."

Ta ce, "Na sani. Takardun ma suna kan tebur, ya ɗaure maka su."

Na zauna a ƙasa, a nan gindin waya. Ban yi kuka a lokacin ba, sai daga baya. Ni ba mai ilimi ba ne, itace da kankana nake ɗauka a mota, amma ina so in rubuta ko wane ne shi, tun kafin 'yan shagon aski su mai da shi labarin dariya.

Odell ya yi shekara talatin da takwas yana kula da filin ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, na kwalejin garinmu, nan bakin kogi a Mississippi. Shi ke yanke ciyawa, shi ke ba ta ruwa, shi ke ja mata farin layi kowace Juma'a. Bai taɓa buga wasan ba, don ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo tun haihuwa. Amma ya tsaya a bakin filin nan ya ga yara sun zo ba gemu, sun tafi da karyayyen hanci da takardar digiri. Ya san sunan kowa, har da na iyayensu mata.

Takardar da yake fitarwa kowace Alhamis ta samo asali ne a shagon askin Lonnie. Kullum Odell na gyara wa mutane zance, har wata rana Lonnie ya ajiye almakashi ya ce, "Kai dattijo, ka cika mana kunne. In ka san abin, rubuta mu gani." Mako na zagayowa sai ga shi da shafi biyu, ya buga da tsohuwar tafiretar Mavis. Wasannin kwalejoji na ranar Asabar ne, ɗaya bayan ɗaya, da abin da yake gani zai faru. Daga nan bai fasa ba, duk kaka, shekara talatin da ɗaya. Ni nake raba ta da motata, shagunan aski da gidajen mai da wurin mai soya tarwaɗa, kowace takarda dala ɗaya.

'Yan caca ne masu saye, kowa ya sani. Su kuwa masu karɓar caca ba wa zai ci kawai suke tambaya ba, rata suke sawa. In sun ce bakwai, to ƙungiyarka sai ta ci da fiye da maki bakwai, in ba haka ba kuɗinka ya tafi, ko da gari na ta murna. Wannan ratar Odell yake aunawa. Shi kansa bai taɓa sa ko sisi ba, dattijon coci ne. In fasto ya tsokane shi sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na tura kowa kogi. Waɗanda suka riga suka shiga nake nuna wa inda zurfi yake."

'Yan jarida mai jifan ƙwallo suke kallo, shi kuwa ƙattin gaba yake kallo, masu tare masa hanya, da yadda suke tashi in sun faɗi. Sai kuma ciyawa. Kowace Laraba yakan buga wa masu kula da filayen sauran kwalejoji waya. Zai tambayi lafiyar iyali, ya tambayi ciwon baya, can ƙarshe ya ce, "To yaya kuka sa wuƙar injin a makon nan?" Don in ƙungiya mai nauyin jiki za ta karɓi baƙuncin masu gudu, sai a bar ciyawa ta yi tsawo, a shayar da ita har ta riƙa kama ƙafa. Wannan ba ya fitowa a jarida.

Abu biyu ne ba sa canzawa a takardar. A can sama yakan rubuta, "Inda na ɓata makon jiya," ya jera kurakuransa ba tare da wani uzuri ba. A can ƙasa kuma, inda wasan 'yan Ja, wato yaran garinmu, ya kamata ya shiga, sai ya bar wurin fari fat. An yi masa tsiya a kan wannan ba iyaka.

"Tsoro ne," in ji Lonnie.

"Ba tsoro ba ne, mai aski. Ba na iya ganinsu yadda suke ne. Ina son su da yawa."

Ni kuwa ɗan caca ne, ba zan ɓoye ba. Ba babba ba, amma na kullum. Odell bai taɓa yi mini wa'azi ba. Iyakarsa in na zo ɗaukar takardu ya ce, "Mutumina, ka ci abinci kuwa?" ya tura mini burodin masara.

Bana yaranmu suka zo da gudu irin wanda ba mu taɓa gani ba. Wasa tara, ba su faɗi ko ɗaya ba. Sai na goma, da 'yan Shuɗi na ƙetaren kogi, a filinsu. Aka sa rata bakwai. Ni dai na ga kamar kuɗi ne zube a ƙasa. Ranar Talata na gaya wa Odell zan jinginar da takardun motata in zuba duka a kan yaranmu.

Yana ɓare gyaɗa a baranda. Bai ɗago ba.

"Motar da kake ci da ita?"

"Kwana huɗu ne kawai. Asabar da yamma ina da mota biyu."

"Uhm," ya ce. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Alhamis na zo ɗaukar takardu, idona ya kai ƙasan shafi, sai na ga wurin nan ba fari ba ne. Ya rubuta cewa ƙattin 'yan Shuɗi sun fi namu nauyi, an bar ciyawarsu ta yi tsawo, kuma ana sa ran ruwa ranar Asabar. Ya ce watakila mu ci, amma ba da bakwai ba, mai hankali ya riƙe kuɗinsa.

Da hannuna na raba wannan takarda. Kafin azahar gari ya ɗauka. A shagon Lonnie wani ya manna ta a bango ya zana mata da'ira da jan alƙalami.

"Shekara talatin bakinsa a rufe, da ya buɗe kuma sai ya zage mu!"

"Ku bar shi, tsufa ne. Ciyawa ta shiga masa kai."

"Baba Odell, nawa 'yan ƙetare suka ba ka?"

Duk wannan yana zaune a wurin ana yi masa aski. Da aka gama ya biya, ya sa hularsa, ya ja ƙafarsa ya fita.

Ranar Juma'a na je har ƙofar mai karɓar jingina da takardun mota a aljihu. Na zauna cikin motar kusan awa guda. Tunda nake ban taɓa saɓa wa takardar Odell ba, kuma hannuna ya ƙi buɗe ƙofa. Na koma gida ina zaginsa a zuci.

Asabar ruwa bai zo ba. Rana ta fito tas, fili ya bushe, yaranmu suka yi ta gudu kamar an kwance su. Da maki ashirin da ɗaya muka ci.

Abin da na yi bayan nan shi ke damuna. Alhamis ta zo na aika a gaya masa motar ba ta da lafiya. Ƙarya ce. Mavis ce ta raba takardun a ƙafa, iya inda ta iya kaiwa. Na ga guda a gidan mai. A sama ya rubuta, "Inda na ɓata: na ce yaranmu ba za su wuce bakwai ba, sun wuce da nisa. Duk wanda ya ji maganata ya riƙe kuɗinsa, ni na hana shi." Ƙasan shafin ya koma fari.

Mako biyu ban leƙa shi ba. A coci ma sai in zauna baya. Ranar Litinin ɗin makon da ya rasu, da la'asar, na biyo ta bayan kwaleji da lodin itace, na hango shi shi kaɗai a bakin fili, ya dafa wayar shinge yana kallon ciyawa. Ya rame. Na wuce, na yi gaba kaɗan, sai na taka birki na dawo da baya.

"Shigo, tsoho, kafin sanyi ya kashe ka."

Ya hau da ƙyar. Muka yi tafiya har muka wuce gonar auduga.

Na ce, "Gaya mini gaskiya. Ka yarda da abin da ka rubuta, ko don ni ka yi?"

"Na yarda da shi. Ciyawar ta yi tsawo, ruwan ne ya ƙi zuwa. Ban taɓa rubuta abin da ban yarda da shi ba, ka sani." Ya yi tari. "Amma ba don kai ba, da na bar shi a cikina, kamar kullum."

"Ka ja wa kanka zagi a banza."

"Lonnie ne fa. Wanda bai iya daidaita gashin baki ba."

Na yi dariya ban shirya ba. Sannan na ce, "Da yanzu motata biyu."

"Da ka ci, da mako na gaba ka zuba biyun. Na san ka tun kana da gashi, Roscoe."

Muka iso ƙofar gidansa, ƙanshin waken Mavis har bakin titi. Ya sauka a hankali, ya rufe ƙofa, sai ya tsaya ya bubbuga jikin motar da tafin hannu, kamar yadda yake yi wa yara a kafaɗa in za su shiga fili.

"Wannan ta wace ce?"

Na ce, "Tawa ce."

"To madalla. Alhamis ka zo da wuri."

Na ce, "Zan zo, mutumina."