Kwana Goma Sha Tara Kwamfutar Walƙiya Ba Ta Runtsa Ba

A ofishin makarantar, teburin da ke jikin taga na Walƙiya ne. Sunan ya bi ta tun zamanin tafireta, lokacin da shugaban makaranta kan fara faɗin wasiƙa daga bakin ƙofa, kafin ya kai kujerarsa ta zare takardar ta miƙa masa ya sa hannu. Shekara ashirin da shida ke nan. Shugabanni huɗu sun zo sun wuce, na biyar ne a kai, kuma babu wanda ba ta gyara wa jimla ba, ba tare da ya sani ba. Tana da kofin shayin da ba mai taɓawa, da ƙyallen rufe kwamfuta da ta ɗinka da kanta, da bakin da malamai suka fi shakka fiye da na shugaban.

Abin da ta ɓoye wa kowa shi ne yatsunta. Shekara huɗu da suka wuce gaɓɓan hannunta na dama suka fara kumburi, har sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi da safe kafin su yarda su lanƙwasa. Tsoro ya kama ta sosai, kada a gane ta rage sauri a ce ta je ta huta. To, sai ta nemo dabara. Ta koya wa manhajar rubutu gajerun alamomi: ta buga harafi biyu, gaisuwar buɗe wasiƙa ta fito cikakkiya, ta buga uku, takardar gayyatar iyaye ta zubo har da wurin sa hannu. Lokaci-lokaci takan ƙara biyu ko uku. Da haka sunanta ya tsira, har sababbin malamai kan leƙo don su ga abin mamaki.

Wata ranar Litinin, ta zo rufe manhajar bayan an tashi, sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana cewa ba za a iya adana babban fayil ɗin tsarin rubutu ba, wai ya samu matsala. Ta danna ya tafi, ya dawo. Ta sake dannawa, ya sake dawowa, kamar maƙwabcin da ba ya gane an gaji da hira. Da ƙyar ta samu ta rufe. Washegari alamomi ukun da ta ƙara jiya babu su, sama ko ƙasa. Idan uku sun tafi yau, wa ya san na gobe?

Shawarar da ta yanke irin tata ce: ba za ta ƙara rufewa ba. In an tashi sai ta lulluɓe kwamfutar da ƙyallenta tana kunne. Ta liƙa takarda a kan soket da manyan haruffa. Mai shara ta sha gargaɗi har sau uku, ta koma kewaye teburin daga nesa. In wuta ta ɗauke, Walƙiya kan ƙura wa akwatin batirin da ke ƙarƙashin tebur ido tana addu'a. Kwana goma sha tara aka yi a haka, baiwar Allah har ta rame.

Ranar ta ashirin aka ce masu fenti za su shigo gobe, a fitar da komai. Babu makawa, ta aika aka kira malamar kwamfuta, mace mai fara'a wadda ke ce mata Inna. Malamar ta saurara, ta yi dariya, ta ce ai wannan ƙaramin abu ne. Fayil ɗin nan shi ne uwar duk wata sabuwar takarda, daga gare shi kowace ke ɗauko girman harafi da faɗin gefe. In ya lalace, sai a rufe manhajar, a sauya masa suna, ita kuma ta haifi sabo fes da kanta.

Walƙiya ta tambaya a hankali ko sabon zai zo da abin da ke cikin tsohon. Malamar ta ce a'a, wayam zai zo. Sai Walƙiya ta fito da hannunta daga ƙarƙashin mayafi ta ɗora a kan tebur.

"Dubi nan, 'yata. Ba ni ke saurin ba, fayil ɗin ne."

Malamar ta daina dariya. Ta jawo kujera, ta buɗe jerin alamomin, suka ƙirga ɗari uku da goma sha biyu. Ta ce tun da manhajar ba ta rufe ba tukuna, a fara buga jerin a takarda. Firinta ta yi ta aman shafuka har ashirin da ɗaya. Daga nan suka rufe, suka sauya wa tsohon suna, suka buɗe. Suka sake rufewa don gwaji, ɗan akwatin ko ƙeyarsa ba a gani ba. Amma da malamar ta yi ƙoƙarin kwaso alamomin daga tsohon fayil, ya ƙi buɗuwa ƙememe. Sai dai a sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ga ajinta yana jira.

Fitarta ke da wuya shugaba ya shigo da sauri, yana faɗin wasiƙa tun daga bakin ƙofa. Walƙiya ta buga harufanta biyu, suka tsaya ƙiƙam, harafi biyu kawai. Kunya ta rufe ta. Ta ga ɓoyon ya ƙare, sai ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa, tana jiran ya ambaci hutu.

Shi kuwa ya ɗauki shafukan yana dubawa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce ya daɗe da sani. Bara ya faɗi wasiƙar faɗa mai zafi zuwa ga ɗan kwangilar da ya ɓata musu rufin aji, da ya zo sa hannu sai ya tarar ta ƙare da godiya da fatan zumunci ya ɗore. Nan ya gane rufewar da ta adana ce ta zubo. Bai ce uffan ba, don mutumin ya ji nauyi ya zo ya gyara rufin a mako guda.

"Hajiya, ba don yatsu muke riƙe da ke ba. Wa ya rubuta shafukan nan ashirin da ɗaya, kwamfuta?"

Hawaye ya taru mata, na daɗi. Ya naɗe hannun riga, ya ce ta tashi ta ba shi kujerar shi zai shigar da alamomin, wasiƙar ta jira. Ta koma gefe da takardun a cinya, a karon farko cikin shekara ashirin da shida ita ce mai faɗa, wani na bugawa. Shugaba ya sunkuya yana farautar haruffa da yatsa biyu, yana cizon leɓe. Ta karanto masa gaisuwar farko, ta jira, ta sake jira, ta kurɓi shayi.

"Yallaɓai," ta ce, tana leƙa fuskar kwamfutar ta saman tabarau, "goge wannan layin ka sake. Saura ɗari uku da goma sha ɗaya."