Rabin Buhun Inna

Shekarar da jan-baki suka sauka a fadamarmu, tsakanin Gummi da Bukkuyum, ina aikin malamin gona. Tsuntsayen nan idan suka taso sai rana ta dushe. Innata tana da gonar shinkafa a bakin gulbi, ita ce cinta ita ce suturarta, kuma kullum aka wayi gari zangarniya ta ragu.

Da aka turo ƙaramin jirgin feshi, ni aka ce in zauna kusa da matuƙin in nuna masa inda tsuntsayen ke kwana. Mutum ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma a ranar farko na tsane shi. An share masa fili a bayan gari, an cika tankin magani tun azahar, amma ya samu inuwa ya zauna. Na ce masa tsuntsaye fa ba su san jira ba. Ya ce iskar tsakar rana ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin kamawa, ga fili gajere ga giginya a ƙarshensa. Sai bayan la'asar, lokacin ma tsuntsayen sun koma makwanci. A raina na ce ragwanci ne aka saka wa rigar ilimi.

Ana haka sai ga rabin buhun shinkafar bara daga Inna. A wajenmu baƙon da ya zo taimako ba ya tafiya hannu rabbana. Saƙonta shi ne: "Ka kai mai, kada shi ce mutanen garinga ba su san alheri ba." Matuƙin ya yi godiya sosai, ya ce a ajiye masa a ƙasa. Ni kuwa na ɗauka kara ce irin ta baƙo. Da ya tafi alwala na cusa buhun can bayan kujeru, wajen wutsiya, na rufe da leda, ina jin na yi dabara.

Bayan la'asar ya fara zagayen jirgin da takarda a hannu. Ya shafa farfela, ya tsiyayi mai a kwalba ya ɗaga ya duba ko da ruwa, ya girgiza fiffike. Ina tsaye ina tsaki. Sai ya leƙa baya ya ɗaga ledar.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Bai ɗaga murya ba. Ya sauke buhun da kansa, ya samo wata sandar rake ya ɗora a kan yatsa ɗaya ta daidaita, sannan ya ɗan danna ƙarshenta, ɗaya gefen ya yi sama. Ya ce haka jirgi yake: nauyi a wutsiya yana ɗaga masa hanci, idan hanci ya ɗagu fiye da kima iska ta saki fiffike, kuma a kusa da ƙasa babu wurin gyara.

"Malam, jirgi bai san kyauta ba," in ji shi. "Nauyi kawai ya sani."

Muka tashi. Jirgin ya yi ta gudu a kan jar ƙasa har na fara salati, sannan ya ɗaga a hankali. Da muka wuce giginyar na ga 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kusa ƙwarai. Nan na tuna buhun. Ban taɓa jin kunya da girmamawar mutum lokaci guda kamar ranar ba.

Kwana uku muka yi muna feshi, gonar Inna ta tsira da fiye da rabi. Amma ita ranta a ɓace yake, don ta ji an bar kyautarta a fili, har aka dawo mata da ita gida. Ranar da zai tafi sai ga shi a bayan babur har ƙofar gidanmu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ci tuwonta, ya ce shinkafa irin wannan ba a saka ta kusa da maganin feshi, shi ya sa ya zo ɗauka da kansa. Ya ɗaure buhun a babur, bai ko kalle ni ba.

Inna ta yi ta sa masa albarka. Har ta rasu ba ta san abin da rabin buhun nan ya kusa yi wa ɗanta ba.