Bin Sawun Kunkuru Zuwa Lis

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Mahjar da ke Jidda, ni da 'yata da yayata mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka. Ni ne direba. Yaya kuwa ba wanda ya gayyace ta, jin maganar shiga jirgin ruwa kawai ta yi ta garƙame shago.

Wata macen kunkurun teku ce ta fitar da mu. 'Yata tana nazarin halittun ruwa a jami'a. Wata biyu da suka wuce, ita da malamanta suka manna wa kunkurun 'yar na'ura a ƙoƙon baya, bayan ta gama saka ƙwai a gaɓar Yanbu. Tun daga ranar gidanmu ya koma kallon jan ɗigon da ke nuna inda take a waya. Ɗigon ya yi kudu, ya wuce Jidda ko gaisuwa babu, ya je kusa da garin Lis ya tsaya cak. Kwana goma bai bar wurin ba. In kunkurun ta mutu cikin raga ne, aikin shekara guda ya bi ruwa, sai yarinyar ta jira baɗi.

Hanyar Lis shimfiɗe take, ba rami ba gargada, sai raƙuma jefi-jefi a bayan shinge. Mun tsaya mun karya da burodin tamis mai zafi da wake. Shayin riyal biyu kuwa, Yaya ta rantse ganye aka nuna wa ruwan daga nesa.

A Lis wani dattijon masunci ya ɗauke mu. Yaya da ta cika baki a mota, jirgi na motsawa ta ƙanƙame katako tana jero duk addu'ar da ta sani. Mun fi awa muna zagaya inda masunta ke kafa raga, ba mu ga komai ba. Don na kawar wa 'yata damuwa na tambaye ta halin kunkurun. Ta ce binne ƙwan take ta kama hanya, kuma duk lokacin sakar da ƙyar take cin abinci.

Nan Yaya ta buɗe ido. "Au, ta haihu, ta yi doguwar tafiya, ta zauna wuri guda? Ke da bokonki! Wankan gida ta zo. Wace mai jego kika taɓa gani tana yawo? Yalla, maza ku nemi inda abinci yake."

Da na fassara wa masuncin da Larabci, sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya juya jirgi zuwa wani wuri marar zurfi, ƙasansa shar da ciyawa. Ba mu daɗe ba sai ga kai ya ɓullo, ga 'yar sandar na'urar a tsaye a bayanta. Ta ja numfashi ta koma kiwonta. Yaya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar teku. 'Yata tana kuka tana rubutu, don makiyayar nan ita ce ainihin abin da binciken yake nema.

Daf da magariba muka shigo Jidda, fuska duk ta ƙone. Na dawo da darasi guda: ba kowane shiru ne mutuwa ba, wani na cin abinci ne. 'Yata za ta kammala bana insha Allahu, ta kuma yi alkawarin sa sunan goggonta a shafin godiya. Yaya ta ce a haɗa da lambar shago.