Laftof Ɗin da Na Hana Shiga Gidan Ubanmu

Teburina yana bakin ƙofar gidanmu a Mamobi, inda lungu ya haɗu da hanyar da ke gangarawa babbar kwata. Da ƙuruciya gyaran rediyo na koya. Da aka zo zamanin da ake yar da rediyo idan ya lalace, sai na koma zuba wa mutane karatu da wa'azi a memori, ɗan katin nan da bai wuce farce ba. Masu koko da ƙosai, direbobin motar haya da muke kira torotoro, tsofaffin da ido ya fara yi musu nauyi, kowa ya kawo nasa ya ce a sa masa tafsirin bara ko wata ƙira'a da ya ji a gidan suna. In soka katin a gefen laftof, in zuba, in zare, in gwada masa a ɗan rediyonsa ya ji da kunnensa kafin ya tafi.

Laftof ɗina tsohuwa ce, nauyinta kamar dutsen guga. Amma gefenta cike yake da ramuka: na memori, na filasha, na lasifika. Cajarta kuwa mayen ƙarfe ne a bakinta, da ka kusanto da ita sai ta manne da kanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gida irin namu. Wayar wuta daga tagar ɗakina take fitowa, ta ratsa bakin zaure kafin ta iso tebur. Mata masu ɗebo ruwa suna tuntuɓe da ita, awaki suna ja, amma caja kawai ke faɗuwa, laftof tana nan zaune.

Gidan na gado ne, ba a raba shi ba. Ni ina ɗakunan gaba, ƙanena da iyalinsa suna na baya. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi yana sayar da kayan lantarki na hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, shagonsa yana wajen Zongo Lane. Tun muna yara shi ne mai son sabon abu, ni ne mai ƙinsa, kuma ba mu taɓa rasa abin musu ba.

Bayan la'asar maza kan taru a bes, wato bencinan da ke gaban shagon tela, a dafa ataya a yi hira. A nan ƙanena ya kawo labarin. Ya ɗaga wayarsa ya ce can ƙasar Turawa ana ta raɗe-raɗin cewa laftof masu zuwa ba za su zo da ramuka ba, sai ɗan ƙaramin rami ɗaya ko biyu, kuma ta nan za a yi komai, har caji. Cajar mayen ƙarfe ma za a daina ta. Ba wanda ya ga abin da ido, amma kafin a zuba ataya ta biyu bes ya rabu.

Wani direban torotoro da ke zama da mu ya ce wannan sata ce da rana tsaka: su toshe rami, sannan su sayar maka da wata wutsiya da za ka maƙala kafin ka sami ramin da suka toshe. Tela ya ce shi bai san laftof ba, amma idan ya ɗinka wa mutum riga ba aljihu, ya ce ya zo ya sayi aljihun daban, ai har masallaci za a bi shi da zagi. Matasa suna bayan ƙanena. Shi yana cewa caja ɗaya ta ishe ka waya da laftof, ba sai ka cika jaka da igiyoyi ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta, ɗan batirin da ake cajin waya da shi zai iya tashe ta. Na ce masa wanda ya ƙera wannan bai taɓa zama a gidan da akuya ke ratsa tsakar gida ba. Na tambaye shi ta ina tsohuwa mai koko za ta sami tafsirinta, tunda ba inda za a soka memori.

Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai memorin ma kwanansa ya ƙare. Yanzu kowa a waya yake jin wa'azi. Kai kaɗai ka rage kana gadin rami."

Aka kwashe da dariya, har da tela. Ina da furfura, ƙanena ya mai da abincina abin dariya a gaban yaran da aka haifa a idona. Na ajiye kofi, na ce wallahi tallahi, muddin ina numfashi, irin wannan sabuwar laftof ba za ta tsallake zauren gidan ubanmu ba. Na maimaita don kowa ya ji. Dariya ta tsaya. Ƙanena ya ce ai ba a kai nan ba, na ce an kai. A raina kuwa ina ganin jita-jita ce, ba za ta taɓa zama gaskiya ba, kuma ko ta zama, sai ta tsufa a can kafin ta iso Mamobi.

Ta iso, kuma ba ta hannun ƙanena ba.

'Yarsa ta fari ni na yanka ragon sunanta. A gaban teburina ta girma, ita ce ta fara zuwa jami'a a gidanmu. Da ta gama ta sami aiki da wani kamfani da ke barin ma'aikatansa su yi aiki daga gida, suka ba ta laftof. A wurinmu idan yaro ya sami abin farko daga aikinsa, babban gida ake fara kai wa ya sa albarka kafin a shiga da shi. Haka ta yi. Daga tashar mota ba ta wuce ciki ba, ta durƙusa a gefen teburina, ta zaro ta daga jaka da hannu biyu ta miƙo mini.

Siririya ce kamar faranti. Na juya ta hagu, na juya ta dama. Ƙananan ramuka biyu, shi ke nan. Tela yana tsaye a ƙofar shagonsa da almakashi a hannu yana kallo, direban nan ma yana wurin, ya kawo memorinsa.

Na ce, "Allah ya sa albarka a aikinki. Amma wannan ba za ta shiga ba."

Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa nake. Da ta ga fuskata sai ta ce, "Baba, ba ni na zaɓa ba. Abin da suka ba kowa ke nan."

"Na rantse," na ce.

Ta daɗe a durƙushe, sannan ta mai da ita jaka ta tsallaka shagon tela.

Ƙanena da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba zai zama wanda ya ƙaryata rantsuwar wansa ba, ubanmu bai koya mana haka ba. Magana ce mai daɗin ji, amma na san shi. So yake duk unguwa ta ga abin da na yi, ta gani kowace safiya. Kuma ta gani. Yarinyar takan fito da sassafe ta karɓi laftof a wurin matar da ke sayar da magani a tsallake, inda laftof ɗin ke kwana, ta zauna a kusurwar shagon tela. Aikinta na magana da mutane ne, ga ƙarar keken ɗinki, ga masu babur, ga mai tallan ruwa. Ina ganinta tana toshe kunne ɗaya da yatsa tana ba da haƙuri da Turanci. Ba ta daina gaishe ni ba, safe da yamma, har ƙasa.

Limamin masallacinmu ya zo ya zauna a bencina. Ya ce rantsuwar da ke cutar da zumunci karya ta ake yi, a yi kaffara, a ciyar da miskinai goma, magana ta wuce. Ya ce abu ne da ba zai gagare ni ba ko yau. Na ce masa na sani. Na ce amma sai ƙanena ya zo bes, inda ya yi mini dariya, ya janye maganarsa. Da aka kai wa ƙanena saƙon, ya ce shi bai rantse da komai ba, don haka ba shi da abin janyewa. Liman ya yi ta kai da kawo har ya gaji, ya ce mu biyun tuwon ƙwarya ɗaya ne.

A kwanakin nan na zama mai tara laifin laftof. Duk wanda ya zo teburina sai ya ji. Da yarinyar ta sayi irin wutsiyar da direba ya faɗa don ta iya soka filasha, wutsiyar ta mutu ba ta yi wata ba, na ji daɗi har na saya wa bes sukari. Da wani yaro ya yi tuntuɓe da cajarta a shagon tela, laftof ɗin ta zamo sai da ta tare ta da gwiwa, na ce to, ga ci gaban nan. Har gobe ina nan a kan cewa wanda ya sayar maka da na'ura ya toshe ramukanta, ya raina ka. Ban canza ba a wannan. Amma mutanen da suka ƙera ta ba su san akwai wani tsoho a Mamobi da ke fushi da su ba. Wadda ta sani ita ce ke toshe kunne a shagon tela.

Ranar da abin ya yanke, da damina ne, wajen azahar. Tela ya rufe ya tafi jana'iza, mai magani ma ba ta nan. Yarinyar tana zaune a benci a waje sai ruwa ya sauko irin wanda ke cika kwata kafin ka naɗe tabarma. Ta cusa laftof a ƙarƙashin hijabinta ta rugo. Ni na riga na ja teburina cikin zaure. Ta tsaya a bakin ƙofa, ruwan indararo yana zuba a kafaɗarta.

"Baba, in shigo?"

Ba kowa a lungun. Da na ce ta shigo da laftof ɗin, ba mai gani, in yi kaffarata daga baya. Sai na ji bakina ya ce, "Ke ki shigo."

Ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙara rungume abin da ke ƙirjinta, ta juya ta bi lungu cikin ruwan, ƙafarta na nutsewa har idon sawu. Daga baya na ji a rumfar wata mai sayar da kenke, tuwon masarar nan, ta fake.

Kafin Juma'a ta zagayo ta kwashe kayanta ta koma wurin ƙanwar mahaifiyarta a unguwar Malam, can hanyar Winneba. Uwarta ta daina aiko mini da abincin rana.

Kaffarar da liman ya ce ba za ta gagare ni ba, ba ta gagare ni ba. Na sa aka dafa shinkafa da wake, na bi bakin masallacin Juma'a na raba da hannuna. Na dawo na ce wa ƙanena ya gaya wa 'yarsa hanya a buɗe take. Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba, ya ce, "Yaya, bakin da ya kora shi ke kira."

Na hau torotoro na je. Ta tarbe ni da ruwa, ta shimfiɗa mini darduma, ta durƙusa kamar yadda ta saba. Laftof ɗin tana kan tebur a bayanta, a ɗaki mai shiru da labule. Na gaya mata na karya rantsuwa, na yi kaffara, ɗakinta yana nan. Ta ce Allah ya karɓa. Ta ce nan ɗin ya fi mata sauƙin aiki, ba hayaniya, kuma innarta tana jin daɗin zama da ita. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ban sami inda zan kama ba. Ta raka ni har tasha, ta tsaya sai da mota ta tashi.

Bayan wasu shekaru wata jita-jitar ta zo bes, wai masu ƙera laftof sun ji kukan mutane, za su dawo da ramin memori da cajar mayen ƙarfe. Direba ya taho teburina da murna yana cewa ashe ni ne mai gaskiya tun farko, in zo bes a dafa mini ataya ta musamman. Matasan da suka yi mini dariya ma sun koma cewa dama toshe ramukan wauta ce. Na ce wa direba ya miƙo memorinsa in zuba masa abin da ya kawo shi, ina da aiki.

Yarinyar tana zuwa da Sallah. Takan gaishe ni, ta kawo mini turare, ta shiga wurin uwarta, kafin magariba ta koma. Ba ta taɓa zuwa da jakar aikinta ba. Ɗakinta ya daɗe a rufe, har ƙanena ya ga ba amfani ya zauna haka, ya mai da shi wurin ajiyar kayan shagonsa. Duk ranar da kaya suka sauka daga Tema, yakan ɗauko kwalaye ya bi ta gaban teburina da su, sirara-sirara, cike da irin waɗanda na rantse a kansu. Yakan ce, "Sannu da aiki, Yaya." In ce, "Yauwa." In janye ƙafata ya wuce.