Zogale Maimakon Inna

Ku gafarce ni, ƴar lise ce ni, wato sakandare, ban saba rubutu a wannan shafin ba.

Jiya Yaya Rakiya ta kira mu ta bidiyo daga Aljeriya, inda aka tura mijinta soja. Shekara biyu ba ta ga ɗan gida ba, ga tsohon ciki. Ta nuna mana ɗakin da ta gyara wa Inna.

"Inna, tikitinki ya fito."

Inna ta kau da kai. "In kwana gidan suruki, kuma don ƴar fari? Me dangi a Tsibiri za su ce? Zan aika miki zogalen garin Jiratawa."

"Zogalen ne zai riƙe mini hannu ranar haihuwa?"

Yaya ta kashe waya. Inna ta shige ɗaki tana kuka.

Jama'a, wannan kunyar wa take amfana? Ku gaya mini, kuma ku ba ni izinin ƙara rubutu wata rana.